Ja a hagu, kore a dama: yadda aka nemi amincewar hukuma kan fitilun wani jirgin haɗin gida a ƙasar Ringim

Jirgin da wannan nazari ya shafa ƙarami ne, mai kujera biyu, samfurin Zenith CH 701 wanda Chris Heintz ya zana, ya fara tashi a 1986. Jikinsa na alminiyom ne, fukafukansa suna sama da kan matuƙi, injinsa Rotax 912 mai ƙarfin doki 80, kuma nauyinsa duka da mai da mutum biyu bai wuce kilo 500 ba. Don gajeren fili aka yi shi, shi ya sa ya dace da karkara. Mai shi dattijo ne da ya ƙare ƙuruciyarsa a gyaran manyan jirage, da ya yi ritaya ya koma ƙauyensu a ƙasar Ringim, ba nisa da layin dogon da ya tashi daga Kano zuwa Nguru. Injiniya mutanen gari ke ce masa, ni ma haka zan kira shi. Ya sayo zanen jirgin daga kamfanin da ke Amurka, ya yi shekara da shekaru yana yanka, yana lanƙwasa, yana buga ribiti a wata rumfar kwano bayan gidansa. Mai kama masa aikin ɗan ƙanwarsa ne, matashi mai sana'ar rewaya a bakin tasha.

Jirgi irin wannan takardarsa ba ɗaya ba ce. Akwai rajista, wadda a Najeriya lambarta ke farawa da 5N. Akwai shaidar lafiyar jirgin, akwai izinin filin da zai riƙa sauka, akwai lasisin matuƙi. Duka suna hannun Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama ta Najeriya, NCAA, wadda yanzu ke aiki da dokar 2022 da ƙa'idojinta na 2023. Injiniya ya bi waɗancan da wahalarsu har ya samu izinin tashi da rana kawai, a yanayin da ido ke ganin ƙasa. Ba su ne zancenmu ba. Zancenmu fitilu ne, abin da kowa a ƙauyen ya ɗauka shi ne mafi sauƙi a jikin jirgin. Ni malamin lantarki ne a wata makarantar koyon sana'a, an neme ni ne da magana ta kai ga awo.

Abin da ya sa yake son fitilun

Yana da gonar shinkafa wajen Auyo, a kwarin Haɗeja. Tafiyar da ke cin sa'o'i a mota, musamman da damina in ruwa ya ci hanya, jirgin kan yi ta cikin ƙasa da awa guda. Fargabarsa ita ce wata rana ya makara a dawowa, magariba ta riske shi a sama.

Fargabar tana da tushe. Rataye na 2 na yarjejeniyar Shikago ta 1944, wadda ta haifi hukumar jiragen sama ta duniya ICAO, ya ce daga faɗuwar rana zuwa fitowarta duk jirgin da ke sama sai ya kunna fitilun gefe da fitilar kare karo, wato mai walƙiya. A lissafinmu, daga kiran sallar magariba ke nan. Dare kuwa a ma'anar masu tuƙin jirgi yana farawa ne in rana ta nutse digiri 6 ƙasa da inda sama ta haɗu da ƙasa. A Turai da bazara wannan tazara tana da tsawo. A nan, digiri 12 arewa da ikwaita, minti 20 ne da 'yan kai. Kafin a sallame salla mutane su gama nafila, duhu ya rufa. Kuma sararin nan ba nasa ba ne shi kaɗai: filin jirgin Malam Aminu Kano na yamma da shi, na Dutse na kudu, duka biyun suna ɗibar alhazai da manyan jirage, sojan sama na horar da matuƙa a Kano, ga kuma jirgin feshin tsuntsayen jan-baki da kan yi ƙasa-ƙasa a kwarin Haɗeja, wanda aikinsa da almuru ne, lokacin da tsuntsayen suka koma makwanci.

Ɗan ƙanwar ne ya yi aikin farko. Ya shiga Ƙofar Ruwa a Kano ya sayo fitilun LED na gefen babbar mota, ja da kore, da wata fara mai walƙiya irin ta motocin rakiyar manya, ya ƙara da zaren shuɗiyar wuta a ƙarƙashin cikin jirgin don kwalliya, yadda yake yi wa 'yan A Daidaita Sahu. Aikin ya yi tsaf, haske kuwa har ɗaukar ido yake. Injiniya ya san ja ta hagu ce, kore ta dama, tun kafin a haifi yaron. Amma a manyan jiragen da ya yi wa aiki, fitila da takardarta take zuwa daga sito, a cire tsohuwa a sa sabuwa a sa hannu. Alƙaluman da ke bayan takardar ba su taɓa zama damuwarsa ba. Ya kuma karanta cewa a Amurka masu haɗa jirgi a gida da yawa suna amfani da fitilun da ba su da hatimin hukuma, muddin wanda ya ƙera su ya tabbatar sun cika ma'auni. Wannan gaskiya ne, a Amurka. Dokar can ba ta hukunci a Jigawa, kuma ko a can ɗin sharaɗin cika ma'auni yana nan.

Ya rubuta wa hukuma yana neman a shigar da fitilun cikin kayan jirgin da aka amince da su, a kuma ɗage masa iyakar tashi da rana. Amsar da ta dawo ba ƙi ba ce, tambayoyi ne. Wane ma'auni fitilun suka cika, ina shaidarsa? Ina zanen da ya nuna kusurwar da kowace ke haskawa? Nawa suke ja daga wutar jirgin? An gwada su da rediyo a kunne?

Abin da fitilar gefe ke faɗa

Nan ne zuciyar lamarin, kuma nan ne mutanenmu suka fi ɓata. Fitilar gefe ba don matuƙi ya ga hanya aka yi ta ba. Saƙo ce zuwa ga mutumin da ke cikin wani jirgin, wanda a cikin duhu ba ya ganin komai naka sai ɗigon haske. Ja tana kan fiffiken hagu, tana haskawa daga gaba sak zuwa digiri 110 ta hagu. Kore tana yin haka ta dama. Fara tana baya, tana rufe digiri 140 da suka rage, 70 ta kowane gefe. In ka haɗa, da'ira ta cika 360, kowace da rabonta.

Daga wannan rabo ne dokar ba da hanya ke aiki. Matuƙin da ya hango ja da kore tare ya san jirgin ya nufo shi ne gaba da gaba, kowannensu sai ya karkata dama. Wanda ya hango ja kaɗai ya san jirgin yana giftawa ne daga damansa, shi ne zai ba da hanya. Wanda ya hango fara kaɗai ya san bayan jirgin yake bi, nauyin kaucewa a wuyansa yake. Duk wannan hukunci a cikin 'yan daƙiƙu ake yanke shi, tsakanin mutum biyu da ba su san juna ba, wataƙila ma ba tasha ɗaya rediyonsu ke kai ba. Saboda haka fitilar da ta tsallake iyakarta ƙarya take yi wa wanda ya dogara da ita. In ana hango korenka daga baya, wanda ke bin ka zai zaci gefenka yake, ya ɗauka hanya tasa ce. Fitilar gefen babbar mota an yi ta ne ta watsa haske ko'ina don a ga tsawon motar. Ba aibu ba ne a wurinta, aikin da aka yi ta dominsa ke nan.

Alƙaluman da aka fi komawa gare su kan ƙananan jirage suna cikin sashe na 23 na ƙa'idojin jiragen saman Amurka, yadda yake kafin a sake masa fasali a 2017. Ja da kore sai sun kai kandela 40 (kandela ita ce awon ƙarfin hasken fitila) daga gaba sak zuwa digiri 10, kandela 30 daga 10 zuwa 20, kandela 5 daga 20 zuwa 110. Farar baya kandela 20. An kuma ƙayyade iyakar hasken da aka yarda ya zuba cikin rabon wata. Launin ma da iyakarsa a taswirar launuka, don kada ja ta koma ruwan lemo ko kore ta koma ruwan ɗorawa ga mai hange daga nesa. Fitilar kare karo kuwa, ja ko fara, sai ta yi walƙiya tsakanin sau 40 zuwa 100 a minti, ƙarfinta ya kai kandela 400 a daidai tsayin jirgin, a kuma iya ganinta har digiri 75 sama da ƙasa.

Da aka karanta wa ɗan ƙanwar waɗannan, ransa bai so ba.

"Kawu, wallahi wannan ta fi ta jirgin alhazai haske."

"Ba wanda ya ce ba ta da haske, ɗana. Cewa aka yi mu nuna ina hasken yake zuwa."

Awo a filin ƙwallo

Mun zaɓi daren da babu farin wata, aka turo jirgin filin ƙwallon firamare, aka daidaita shi da katakai har ya tsaya yadda yake tsayawa a sama. Muka ɗaura igiya a ƙarƙashin bakin fiffike, muka zana da'ira a ƙasa, muka sa alamar toka a kowane digiri 10. Lissafin ba shi da wuya. Ma'aunin haske na hannu yana ba da laks, wato yawan hasken da ya sauka a kansa; in ka ninka laks da nisa sau nisa a mita, ka samu kandela. Kandela 40 a nisan mita 5 laks 1.6 ne. Kandela 5 a wannan nisa laks 0.2 ne kacal, abin da ƙaramin ma'auni ba ya rarrabewa da kyau, don haka a kusurwoyin gefe muka matso mita 2, inda ya kamata a ga 1.25.

Kore ta haye 40 a gaba ba gardama, amma da muka zagaya bayan digiri 110 tana nan tana haske, har daga wajen wutsiya ana ganinta. Ja da aka kunna ta da farko ta yi kusa da ma'auni. Da aka bar ta ta yi zafi, sai ta ja baya. Wannan ɗabi'ar jan ƙwan LED ce, zafi ya fi rage masa ƙarfi fiye da kore da shuɗi, kuma a watan Afrilu a Jigawa, jirgin da ya wuni a rana cikin zafin da ke haura digiri 40, bakin fiffikensa ba ya taɓuwa. Gwajin da aka yi da sanyin asuba ba zai nuna wannan ba.

Mai walƙiyar ita ta fi ban tsoro. Muka ɗauke ta a bidiyo da waya muka ƙirga, ta wuce 100 a minti nesa ba kusa ba. Sannan a ƙarƙashin jirgin aka ɗaura ta. Da yaron ya hau saman wata babbar mota ya leƙo, bai ga komai ba sai hasken da ƙasa ke mayarwa, jikin jirgin da fukafukai sun rufe ta gaba ɗaya. Alhali jirgin da ya fi zama haɗari ga ɗan ƙaramin jirgi mai tafiya ƙasa-ƙasa shi ne wanda ke gangarowa daga sama zai sauka Kano ko Dutse.

Ƙarfin walƙiya kuma ba a auna shi da ma'aunin hannu. Tun 1911 wasu Faransawa biyu, André Blondel da Jean Rey, suka nuna cewa ido ba ya ba gajeriyar walƙiya cikakken darajarta, kuma lissafinsu ake amfani da shi har yau: a ninka ƙarfin hasken da tsawon walƙiyar, a raba da tsawon nan bayan an ƙara masa 0.2 na daƙiƙa. Walƙiyar da ta ɗauki 0.1 na daƙiƙa sai ta kai kandela 1,200 kafin a lissafa mata 400. Wannan sai da na'urar da ke bin hasken yana tashi yana faɗuwa.

Akwai abin da na gaya wa Injiniya a daren, kuma ina son duk mai irin wannan aiki ya riƙe shi. Awonmu na filin ƙwallo yana iya kayar da fitila, amma ba zai iya tsayar da ita a gaban hukuma ba. Ma'aunin hannu da farin haske aka daidaita shi, yana kuskure a kan ja tsantsa, ba shi da takardar daidaitawa, launi kuma ba ya auna shi sam. In ya ce fitila ta zuba bayan iyakarta, ido ma shaida ne. In ya ce ta cika 40, ba wanda zai sa hannu a kan maganarsa. Hukuma a nan kamar mai sayen hatsi ce a kasuwar Gujungu: ba ya musun cewa buhunka ya cika, amma sai an zube an auna da kwanon da kowa ya yarda da shi.

Sauran tambayoyin biyu ba su ɗauki lokaci ba, ko da yake su ma sun tono abubuwa. Rediyon jirgi tsakanin megahaz 118 da 137 yake aiki. Fitilun LED masu araha suna da ɗan allon da ke yanka wuta yana haɗawa dubban sau a daƙiƙa, wannan kuwa yana watsa ƙara. Muka kamo murya mai rauni daga Kano, aka kunna fitilun, sai shuuu ta binne muryar. A ƙasa abin haushi ne kawai, a sama kuwa umarnin hasumiya ne ba za ka ji ba. Ta fuskar wuta, janaretan da ke cikin Rotax 912 wat 250 yake bayarwa, wajen amfiya 18, shi ma sai inji na gudu sosai. In an rage mai za a sauka, wutar raguwa take, daidai lokacin da aka fi bukatar komai a kunne. Littafin aikin gyaran jirage na Amurka mai lamba AC 43.13-1B ya ba da shawarar kada kayan da ke ci kullum su wuce kashi 80 cikin 100 na abin da janareta ke iyawa. Fitilun kansu ba su da ci, amma ƙwan halojin na mota mai wat 55 da yaron ya tanada don sauka shi kaɗai zai kwashe wajen amfiya 4. Wayar da ya ja kuma ta mota ce mai rigar roba, wadda in ta ƙone hayaƙinta guba ne a ɗan ɗakin matuƙi, ta kuma bi ta gefen tankin mai ba abin da ya raba ta da kaifin alminiyom. Fis ɗaya ne ga duka fitilun. In guda ta yi shot, jirgin gaba ɗaya ya ɓace a duhu.

Hanya biyu ta rage. Ko a tura fitilun kasuwa ɗakin gwaji na ƙasar waje a auna ƙarfi da launi da juriyar zafi da girgiza, wanda kuɗinsa ya fi na sabbi, kuma mun riga mun san ba za su haye ba. Ko a sayo waɗanda aka ƙera don jirgi. Kamfanoni irin su Whelen da AeroLEDs suna yin iri biyu, masu hatimin TSO, wato shaidar hukumar jiragen saman Amurka cewa kaya sun cika ma'auni, da kuma na masu haɗin gida waɗanda suka fi sauƙi. Injiniya ya sayar da shinkafa ya sayi masu hatimi, TSO-C30c na fitilun gefe da TSO-C96a na kare karo, ya kuma nace sai an haɗo masa da fom 8130-3 mai nuna asalin kayan. Na goyi bayansa a kan haka. Bambancin kuɗin da ciwo, musamman yadda dala take, amma hatimin ne ya mayar da doguwar muhawara ta koma shafi guda da sufeto ya saba gani.

Ya zaɓi irin da ake ɗaurawa a bakin fiffike, wadda ta haɗa uku a gida ɗaya: mai launi a gaba, mai walƙiya a tsakiya, fara tana kallon baya. Dalilinsa mai kyau ne. A CH 701 tsayayyen ɓangaren wutsiya gaba ɗayansa ne ke juyawa in matuƙi ya taka feda, fitilar da aka ɗaura a kai za ta riƙa lilo da shi. Ma'aunin kuwa ya yarda farar baya ta kasance a wutsiya ko a bakin kowane fiffike.

Sai dai hatimin TSO fitila ya shaida, bai shaidi ɗaurin ba. Fitila mai takarda in aka karkata ta, ko bakin fiffike ya tare ta, ta koma maƙaryaciya kamar ta kasuwa. Dole aka koma filin ƙwallo, wannan karon ba don auna ƙarfi ba, don tabbatar da cewa launi yana yankewa a 110, ana kuma ganin walƙiya ta sama da ta ƙasa. Aikin da ya fi ba su wuya shi ne jan sabuwar waya. Fukafukan an riga an rufe su, sai da aka huda ribiti layi guda aka buɗe fata, aka ja waya mai rigar Tefzel da ke jure zafi har digiri 150, aka sa mata zoben roba a duk ramin da ta ratsa, aka nisanta ta da tanki. Da an sa ɗan siririn bututu tun ana haɗa fiffiken, da aikin wuni guda ne. Kowane rukuni ya samu fis da makunni nasa. Aka sake ɗora jirgin a sikeli aka lissafa inda nauyinsa ya daidaita, aka juya shi gabas da yamma, kudu da arewa, ana duba kamfas da fitilu a kashe da kuma a kunne, don waya mai ɗauke da wuta tana iya jan allurar. Zaren shuɗiyar wutar kuwa an cire shi tun farko. Rataye na 2 ya hana kunna duk wata fitila da za a iya ɗauka a matsayin na gefe, shuɗi kuma daga nesa cikin ƙura ba shi da wuyar rikiɗewa ya zama kore.

Fayil ɗin da aka mayar wa hukuma ya ƙunshi takardun fitilun, zanen wayoyi, jadawalin cin wuta, zanen kusurwoyi da hotunan alamun toka, sakamakon gwajin rediyo a tashoshi daban-daban har da 121.5 ta neman agaji, sabon lissafin nauyi, da abin da aka rubuta a littafin jirgin.

Sufeton da aka turo ya iso bayan la'asar, ya duba wayoyi da rana, ya jira duhu. Ya zagaya jirgin a ƙafa a hankali, ya daɗe a tsaye ta baya. Sannan ya shiga kujerar matuƙi ya sa aka kunna walƙiya, nan ya gano abin da mu duka ba mu lura da shi ba, don mu kullum a waje muke tsayawa: hasken yana bugun gilasan ƙofa yana dawowa idon wanda ke zaune. Ya ce a sa 'yan faranti a gefen ciki na kowace fitila su tare shi. Ya tambayi Injiniya, "Alhaji, in ka shiga hazo wannan walƙiyar tana dukan idonka, me za ka yi?" Injiniya ya ce, "Yallaɓai, kashe ta zan yi in bar na gefe." Abin da ake so ke nan, kuma dokar ta ba matuƙi wannan dama, shi ya sa makunnin walƙiya dole ya zama daban. Ga wanda ke tashi a ƙasar da ƙurar kwarin Bodele na Chadi ke rufewa daga Nuwamba zuwa Maris, tambayar ba ta jarrabawa ba ce kawai.

Hukuncin da ya fito

An karɓi fitilun a matsayin kayan jirgin. Iyakar tashi da rana kuwa an bar ta yadda take.

Injiniya ya ji zafin wannan, don a ransa abu ɗaya ya nema. A ganina hukuncin daidai ne, kuma na gaya masa haka da ladabin da ya kamace shi. Fitila tana sa a gan ka, ba ta sa kai ka gani. Kashi na biyu na Rataye na 6 na yarjejeniyar Shikago, wanda ya shafi jiragen da ba na haya ba, ya nemi jirgin dare ya kasance da na'urorin tuƙi ba tare da kallon waje ba, da fitilar sauka, da hasken allon na'urori, da tocila a hannun matuƙi, ban da fitilun da muka sha wahala a kansu. Matuƙin ma sai an horar da shi tuƙin dare an rubuta a lasisinsa. Duk wanda ya san karkarar Jigawa da dare ya san dalili. Tsakanin Ringim da Auyo, in ba farin wata, ba wutar lantarki a yawancin ƙauyuka, ba layin da zai nuna maka inda sama ta ƙare ƙasa ta fara. Wutar daji ko fitilar masu ban ruwa sai ta yi kama da tauraro. A irin wannan duhu kunnen ciki na yaudarar mutum, ya ji jirgi a miƙe yake alhali ya karkata, kuma wannan ya kashe matuƙan da suka fi Injiniya sa'o'in tashi. Inji ɗaya ne, in ya tsaya da rana ka zaɓi gona ka sauka, da dare ba ka san kuka ce a gabanka ko fadama ba. Filinsa kuma ba fitila, shanu da jakai na ratsa shi. A Ingila ma, inda ƙungiyar masu ƙananan jirage ta daɗe tana sa ido kan jiragen haɗin gida, an yi shekaru masu yawa ba a barin su tashi da dare, sai a baya-bayan nan aka fara, shi ma jirgi-jirgi ake dubawa.

Bai yi asara ba. Da rana cikin hazon hunturu, walƙiyar nan na sa a hango ɗan farin jirgi da a da sai an zo kusa. In kuma wata larura ta riƙe shi har rana ta kusa faɗuwa, wanda ke sama tare da shi zai karanta inda ya dosa daidai.

Abin da ya fi tsaya mini a rai ya wuce wannan jirgi guda. Hannu muna da shi. A 2007 wani ɗalibin Jami'ar Bayero ya haɗa helikofta da injin mota da tarkacen ƙarfe, duniya ta ɗauki labarin. Jirgin Air Beetle da sojan saman Najeriya suka yi shekaru suna koyon tuƙi da shi, a Kaduna aka haɗa shi, asalinsa kuwa RV-6A ne, zanen da aka yi wa masu haɗin gida. Bambancin wanda ya zama jirgin horo da waɗanda ke ƙarewa a tsakar gida ana ɗaukar su hoto ba basira ba ce kawai, har da ma'auni da shaida da rubutu. A Amurka ƙungiyar EAA tun 1953 take haɗa masu wannan sha'awa, tana da gogaggun da ke zuwa su duba aikin mutum kafin ya rufe fiffike. Afirka ta Kudu ta ware wa irin waɗannan jirage rajistar ZU da ƙa'idojinsu. Mu muna da Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama ta Zariya tun 1964, muna da kwalejojin kimiyya da fasaha a Kano da Jigawa, muna da tsofaffin ma'aikatan jirage irin Injiniya a zaune a garuruwansu. Ma'aunin haske guda mai takardar daidaitawa a ɗaya daga cikin waɗannan makarantu, da wani dattijo da zai ce wa matashi ya rubuta wa hukuma kafin ya yanka falle na farko, zai rage asarar kuɗi da ta zuciya mai yawa.

Yanzu Injiniya ya jingine maganar dare. Ya lissafa abin da za ta ci: na'urar nuna karkatar jirgi, batir na biyu, fitilar sauka ta LED, horon dare, da sauka a fili mai fitilun titi irin na Kano maimakon bayan gidansa, ya ga ba ta biya bukatar gonar shinkafa ba. Ya liƙa jadawalin faɗuwar rana na shekara a allon jirgin, daga wajen ƙarfe 6 a Nuwamba zuwa 7 saura a Yuli, ya sa wa kansa dokar barin Auyo da an idar da la'asar. Ɗan ƙanwar shi ke duba fitilun kafin kowane tashi yana rubutawa a littafi, kuma an ce sai an sake zana da'irar toka duk ranar da aka taɓa bakin fiffike.